Daren da Aka Hana Hura Wuta a Jibiya

Tun da na dawo daga kai yaye ban ci tuwo da zafinsa ba. Wannan ta shigo aron gishiri ta zauna, waccan ta ce wucewa take ta jiyo muryata, kuma tambayar kowa ɗaya ce: wai da gaske na ga Bature ya kamo taurari ya zuba a kwalba? Ba kwalba ba ce, kuma bai kamo ba. Na gaji da gyara maganar, shi ya sa na ari tawada na zauna. Karatuna bai wuce abin da na tsinta a bayan yayyena maza a zauren babanmu ba, saboda haka in kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Wadda ta iya ta karanta wa saura.

Kun san yaron nan ya isa yaye, kuma tun ranar suna Inna ta ce ita za ta yaye shi. Inna kuwa tana Maɗarunfa, wadda yanzu aka ce ƙasar Faransi ce, ko da yake da aka kawo ni aure Katsina ba wanda ya nuna mani inda wata ƙasa ta ƙare wata ta soma. Abin da ya hana ni barci tun kafin mu tashi shi ne ƙafar yaron. Tun da ya koyi tafiya bai san zama ba. Ki juya ki zuba ruwa a tukunya, kafin ki waiwayo ya kai zaure. A gida akwai katanga, akwai idon mutane. A daji fa? Addu'ata ɗaya ce, in danƙa shi a hannun Inna yadda na ɗauko shi.

Ana cikin haka aka ɗauki jakunan maigida su kai kayan wani Bature mai awon ƙasa Jibiya. Ya ce mu bi ayarin, ya fi mu kama hanya mu kaɗai. Kaka ce, ruwa ya ɗauke, ana ta yankan gero.

Baturen dogo ne, wuyansa ja kamar an yaɓa mashi manja, hularsa kamar kifaffen akushi. Masu kaya suna ce mashi Mai Kallon Sama, don ko magariba ba ta gama yi ba ya ɗaga kai, ya yi ta tuntuɓe da saiwoyi. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Mai juya mashi magana wani dattijo ne siriri, Barmo Tafinta, mutumin kudu, bakinsa ba ya hutawa. Muna fita ƙofar gari ya dubi bayana ya ce, "Amarya, yaya sunan saurayin namu?"

Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifin maigida aka sa mashi, kun ga kunya biyu ke nan a kaina. Maigida ma sai ya shiga ɗaure igiyar da take a ɗaure. A gida maƙwabta da yaran unguwa ke kiransa da sunan, mu kuwa daga "kai" sai "yaron nan".

Barmo ya dube ni, ya dubi maigida, ya yi dariya. "To madalla. Malam Yaro ke nan." Daga nan duk ayarin suka kama Yaro, Yaro. Shi kuwa ko juyowa bai yi ba.

A Daddara muka fara kwana. An sauke ni ɗakin wata mata a gidan mai gari, ta kawo tuwon sabon gero da miyar ɗanyar kuɓewa, irin da yatsa ke zamewa. Ban ci da natsuwa ba, don matan gidan duk sun tafi jikin darni suna leƙen Bature yana cin kifi daga cikin gwangwani, ni ma na bi. Kifin da ba kai ba wutsiya, a kwance cikin mai, wai tun daga ƙasarsu. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan ai ya girmi ɗanki." Da na zo kwanciya na ɗaure ƙafar yaron da tawa da ɗan kwali. Matar ɗakin ta ce ko ɗan akuya na haifa. Na bar ta da dariyarta, na yi barcina.

Washegari a wani rafi mai yashi, jakin maigida, baƙin nan mai taurin kai, ya ga yashi mai laushi ya kwanta zai yi birgima da kaya a bayansa. Ban taɓa ganin Bature ya yi gudu ba sai ran nan. Akushin kansa ya faɗi, ashe sanƙo ne da shi. Da aka buɗe akwatin sai ga gilasai masu faɗi kamar tafin hannu biyu, kowanne a ɗan ɗakinsa, a naɗe cikin baƙar takarda. Wasu sun fashe, sai ƙara suke a cikin naɗin. Ya zauna a yashi yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya a kunnensa, fuskarsa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Barmo ya ce mana a kansu ake ɗaukar hoto, ta jirgin ruwa suke zuwa, kuma saura kaɗan suka rage. Maigida ya tayar da jakin ya sake ɗaure kayan, muka ci gaba har muka ga rumfunan Jibiya.

Jibiya gari ne mai tasowa. Mutane na ta dawowa daga wajen Maraɗi tun da aka daina kai hari, ko'ina sabon jinka ne. Da na ji mata na cewa "tahi" da "wanga" sai na ji kamar na riga na isa tsakar gidanmu. Ranar kasuwa muka tarar. Bature ya kafa akwatinsa a kan ƙafafu uku a gaban mahauta, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle kamar mai shan turare. Akwatin yana da ido ɗaya na gilas, bai fi bakin ludayi ba. Wata mai nono daga Bugaje ta ga idon ya juyo wajenta, ta bar ƙwaryarta ta ruga. Ni ban gudu ba, amma na juya fuskar yaron cikin ƙirjina.

Ba a cikin gari muka sauka ba. Bature ya sa aka wuce wata 'yar tunga a arewa, dab da iyakar, aka kafa mashi tanti a kan tudu. Ni aka kai ni bukkar wata tsohuwa mai suna Yalwa, gajera, mai taba a baki. Na ce ta nuna mani iyakar da ake ta faɗa. Ta kai ni bayan bukkoki ta nuna wani ƙarfe da aka kafa cikin tarin duwatsu. Shi ke nan. Na duba hagu na duba dama, ƙasa iri ɗaya, kalgo iri ɗaya.

Ta ce, "Gonata ce sunka raba. Hatsina na Ingilishi, gujiyata ta Faransi, ciwon baya nawa ni ɗaya." Gujiya ita ce gyaɗa a bakinsu. Sannan ta nuna wani wuri da haɓa. "Can akwai rijiya, ba ta da baki, daidai take da ƙasa. Ki riƙe wanga mai ƙahwar."

Da la'asar Barmo ya bi bukka bukka yana shela. Kowa ya gama girki da wuri. Bayan lisha ba wuta, ba fitila, ba lofen taba, har sai an ce a hura.

Yalwa ta ce, "Shi wanga Annasara tsoron wuta shika yi?"

"Iya, sama zai ɗauka."

"Ya kai ta ina?"

Barmo ya tsuguna, dama neman mai saurare yake. Ya ce akwatin nan da ya ɗauki mahauta da rana, shi ne dai zai ɗauki taurari, idon ma shi ne, ba a sake wani ba. Da rana ƙiftawa ɗaya ta ishe shi. Da dare kuwa hasken tauraro ɗan kaɗan ne, sai an bar idon a buɗe gilas ya daɗe yana sha, kamar mai tara raɓa a ƙoƙo. In wuta ta leƙo kuwa, kamar an tuttula tulu ne a cikin ƙoƙon. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi, to dogon bututun nan da Bature ke leƙa taurari da shi in zai yi awo fa? Ya ce wancan na aikin gwamnati ne, tauraro ɗaya yake kamawa. Wannan ƙaramin idon kuwa rabin sama yake haɗiyewa, kuma ba wanda ya aike shi, son ransa ne.

Yalwa ba ta kashe wutarta ba. Na gan ta ta tara garwashi ta kife kasko a kai, ta dube ni, ta sa yatsa a baki.

'Yan'uwa, ga inda bakina yake gazawa. Duk rayuwata ina ganin taurari, amma a tsakar gida nake ganinsu, gwargwadon faɗin tsakar gidan, da hayaƙi a tsakani. Daren nan ba wata, ba hayaƙi, ba ko tartsatsi ɗaya a duk tungar. Muka fito muka zauna a ƙasa, maza can, mu nan. Da farko duhu ne kawai. Sai ido ya fara buɗewa. Taurarin da na sani suka fito, sai wasu a bayansu, sai wasu a bayan waɗancan, ƙanana kamar garin da ya tsallake rariya, har ban ga inda zan ajiye yatsa ba tare da na taɓa ɗaya ba. Sun sauko har ƙasa ta kowane gefe, suna tsakanin rassan itatuwa, suna tsakanin kunnuwan jakuna. Kaza da 'ya'yanta ta taso daga gabas, na nemi in ƙirga 'ya'yan kamar yadda muke yi muna yara, sai na ga sun fi yadda na bar su. Farin zanen nan da ke ratsa sama, wanda na ɗauka gajimare ne, ya fito kamar an zubar da nono daga wannan bango zuwa wancan.

Masu kaya, mutanen da ba sa shiru ko a salla, suka yi tsit. Yalwa ta tofar da tabarta ta ce a hankali, "Ikon Allah." Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta kife, ni ce a sama, zan faɗa cikinsu. Na kama karanta 'yan surorin da na iya. Yaron yana kan cinyata, ban ɗaure shi ba don ba barci na zo yi ba, hannuna yana kan cikinsa.

Ban san lokacin da hannun ya saki ba. Sanyi na ji a cinyata, na shafa, ba kowa.

Na laluba tabarma, na laluba bayan Yalwa. Na ce, "Kai. Kai, ina kake?" Shiru. Maigida ya taso, masu kaya suka watsu suna lalube tsakanin ƙafafun jakuna, suna kira ƙasa ƙasa don tsoron Bature, "Yaro, Yaro." Na san ba zai amsa ba. Ba sunansa ba ne, ba kuma muryar da ya sani ba ce, in ya ji baƙo ma ƙara lafewa yake.

Sai na ga ja a bakin bukka. Yalwa ta ɗaga kaskonta, ta cusa damin kara cikin garwashin tana hurawa. Barmo ya zo da sauri. "Iya, don Allah, Bature ya ce..."

"In gilas ya ɓaci a sa wani. Ɗa hwa?" Ta miƙo mani. "Ungo."

Rijiyar na fara nufa. Na durƙusa a bakinta na zura wutar. Ruwa ne a kwance, ba abin da ya motsa shi. Na kewaye ta, na yi gabas, na dawo, na yi arewa cikin kututturen gero suna yankar ƙafata, ina ta "kai, kai". Can nesa kura ta yi kuka, ko kuwa kunnena ne, har yau ban sani ba. Yalwa ta cim mani tana haki, maigida da mutane a bayanta.

Ta ce, "Kira shi."

"Ina kira, Iya."

"Kai ba suna ba ne. Mi sunanshi? Hwaɗa mani ni in kira."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na dubi maigida, kansa a ƙasa. Ga maza a tsaye sun kewaye ni, ga sunan surukina, ga ɗan fari. Ku da ke karantawa kun san nauyin abin, ba sai na faɗa ba. Na tsaya da wuta a hannu kamar an kafa ni, kara yana ci yana sauka wajen yatsuna. A lokacin na ɗauka ƙiftawar ido ce.

Yalwa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗiyata, rijiya ba ta jin kunya."

Sai na kira shi. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa ɗora wa harshena ba, na kira shi da iyakar muryata, har na ji ta dawo daga tudu. Ba zan rubuta shi a nan ba, kun san shi.

Daga hagu, bayan ƙarfen iyakar, wata 'yar murya ta ce, "Uhm."

Yana zaune ya jingina da tarin gyaɗar Yalwa, bakinsa dumu-dumu da ƙasa, hannu biyu cike. Ya riga kowa shiga ƙasar Faransi. Na ɗauke shi, na zauna a wurin.

Ban runtsa ba. Yaro ya samu, sai tunanin gilas. Jakinmu ya fasa wasu, ni na ɓata wani. Da hantsi Barmo ya zo ya ce Bature na kiranmu, ni da maigida. Na goya yaron na ɗaure da majanyi har ya yi ƙara.

Tantin yana warin wani magani mai hawa hanci. Barmo ya ce tun kafin asuba Bature ya rufe kansa a ciki da 'yar jar fitila yana wanke gilas a faranti. Ya fito, hannunsa riƙe da gilas ɗin ta gefe gefe, ya ɗaga shi a gaban farin mayafi, ya yafito ni. Barmo ya ce, "A nan komai a juye yake. Abin da ke da haske shi ne baƙi."

Ni ɗige-ɗige na zaci zan gani. Abin da na gani faifai ne. Baƙaƙen zaruruwa sirara, ba iyaka, kowanne a lanƙwashe, wani a cikin wani, wani a cikin wani, duk suna kewaya wuri guda, kamar yadda ake fara saƙar faifai daga cibiya a yi ta zagayowa. Na kusa da cibiyar gajeru, na nesa dogaye. A tsakiyar kuwa, ƙasa ƙasa kusa da kan itatuwa, wani ɗan ɗigo yana zaune, da ƙyar ya motsa.

Na ce, "Taurarin ina?"

"Su ne nan. Sawunsu ne. Tafiyar da suka yi muna zaune."

Na san suna fitowa gabas su faɗa yamma, kowa ya sani. Amma ban san kewaya suke ba, ban san suna da turke ba. Na ce, "Kullum haka suke yi?" Barmo ya juya wa Bature, Bature ya amsa yana murmushi. "Ya ce kowane dare, tun ba a haifi kakannin kakanninki ba." Na sake duban gilas ɗin. Ina daka, ina wanki, ina faɗa da kaji, ina barci, ashe wannan saƙar tana gudana a kaina, zare bai taɓa hawa kan zare ba.

Sai Bature ya sauke yatsa ƙasan gilas ɗin. Can ƙarƙashin faifan akwai wani zare dabam, mai kauri, a karkace. Ya fito daga gefe, ya yi ƙawanya a wuri guda, ya yi nan, ya koma can, ya ninke kansa kamar sawun tururuwar da aka ɓatar wa hanya. Ba sai an gaya mani ba. Na gane ƙawanyar, bakin rijiya ce. Duk gudun da na yi yana nan a ƙarƙashin taurari, bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

A tsakiyar zaren akwai wani baƙin tabo, babba, kamar tawada ta ɗiga, ya fi kowane tauraro girma. Bature ya ƙwanƙwasa shi da farce ya yi tambaya. Barmo ya juyo wajena. "Wai nan wutar ta daɗe a tsaye. Me ya faru?"

Na dubi tabon. Abin da na ce ƙiftawar ido ce, ga shi nan gilas ya sha ya ƙoshi. Duk wannan tsawon ina tsaye, yaron yana cikin duhu shi kaɗai.

Maigida ne ya amsa. "Ce mashi nan ta huta."

Bature ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba. Ya ce zai sake wani daren, amma wannan ba zai yar ba. Ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini zai karce sunan yaron a gefen gilas ɗin, ya tambaya. Ni na sunkuya, maigida ya sunkuya. Barmo ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Ku bar wahalar da kanku. Jiya har Maraɗi an ji." Ya faɗa mashi da kansa.

Bature zai ƙara kwana a tungar, sai maigida ya sami dama ya raka ni. A Ɗan Isa muka gamu da sojojin Faransi, baƙaƙe dogaye masu jar hula, ƙafafunsu a naɗe da ƙyalle kamar masu gyambo, ba sa jin Hausa ko kaɗan. Shugabansu Kumandan suke ce mashi, ban gan shi ba. Ɗaya ya zura hannu cikin ƙwaryata ya ɗaga gumbar da na yi guzuri yana shinshina, ya mayar. Wani ya ba yaron dunƙulen sukari, na karɓe na ɗanɗana tukuna, ya yi dariya ya ce wani abu da yarensu.

Da na hango tabkin Maɗarunfa yana ƙyalli a bayan gari, sai na ƙara ɗaure goyon, ina tuna ƙafar yaron. Amma Inna ta riga ta sa an kewaye gidan da ƙaya, ƙofar kuwa sai babba ya ɗaga. Ta kwance shi daga bayana tana cewa, "Mijina ya zo, da ƙazamin bakinai." Ta juya shi gaba da baya, ta duba tafin ƙafa, ta duba bayan kunne. Ta ce, "Kin kawo shi lahiya." Labarin ya riga ni zuwa, na gani a idonta, amma ba ta ɗaga ba.

Ranar komawa ta zaunar da shi a gindin turmi da gumba a hannu, ta ce in fita ta baya kada ya gan ni, ba sallama. Na ɗauki ƙwaryata, na ninke zanen goyon na sa a ciki. Na kai bakin darni na dawo, na ce layar wuyansa ce ta karkace. Na durƙusa kamar mai gyarawa, na sa bakina a kunnensa, na kira sunansa a hankali.

Ya ce, "Uhm," bai ko ɗago daga gumbarsa ba.

Inna tana tsaye da tsintsiya, ta juya tana sharar inda ta riga ta share. Na tashi na fita.